Yadda Ake Gane Ingancin Aiki a Ƙaramin Asibitin Yankinmu

Mafi yawan mutanen karkara ba sa fara zuwa babban asibiti idan ciwo ya same su. Wurin da suke fara dosa shi ne asibitin sha-ka-tafi, ko cibiyar kiwon lafiya matakin farko da ke mazaɓarsu, ko kuma ƙaramin asibitin kuɗi da wani likita ya buɗe a gari. A nan ake awon ciki, a nan ake yi wa yara rigakafi, kuma a nan ake yanke shawarar ko mara lafiya zai koma gida ko za a tura shi gaba. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a da jami'an ƙananan hukumomi bayanin abubuwan da ake dubawa kafin a ce asibiti yana aiki yadda ya kamata.

Kuskuren da aka saba yi

Mutane da yawa suna auna ƙwarewar ma'aikacin lafiya da yawan allurai da ƙarin ruwan da ya yi musu, har sukan ga wanda ya ba su ƙwayoyi kawai kamar bai yi komai ba. Wannan ma'auni ba daidai ba ne. Yawancin cututtukan da ake kaiwa ƙaramin asibiti maganin sha yana warkar da su, allurar da ba a buƙata kuwa asarar kuɗi ce, kuma idan aka maimaita sirinji tana iya yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau. Haka nan sabon fenti da babban allo a bakin ƙofa ba su ne shaidar inganci ba. Abin dubawa shi ne abin da ake yi wa mara lafiya daga shigarsa zuwa fitarsa.

A ɗakin duba marasa lafiya

Ma'aikaci nagari yakan fara da tambaya: yaushe ciwon ya fara, wane magani aka riga aka sha. Daga nan sai ya wanke hannu ya duba jiki. Idan yaro ne mai zazzaɓi, tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Gwajin na ɗan yatsa ne, kuma ba ya kai rabin awa. Idan yaron yana tari, wajibi ne a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Numfashi 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon namoniya. Mai gudawa ana ba shi haɗin gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Yaron da ya rame kuwa ana auna damtsensa da ɗan tef mai launi. Idan awon ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani.

Kafin uwa ta fita, ya kamata ta san sunan ciwon, da yadda za a sha magani, da alamun da za su sa ta dawo da gaggawa. Idan ta fita ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba, aikin bai cika ba.

Mata masu juna biyu

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga adadin zuwa awon ciki daga sau 4 zuwa aƙalla sau 8. A kowane zuwa dole ne a auna hawan jini a rubuta a kati, domin ta haka ake gano matar da jijjiga ke shirin kamawa tun kafin ta faɗi. Haka kuma a ba ta maganin ƙarin jini, da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro bayan wata ukun farko, da allurar rigakafin sandarewar haƙora. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: idan naƙuda ta zo da tsakar dare, akwai ungozoma da haske da ruwa? Idan jini ya ɓalle bayan haihuwa, wace mota ce za ta kai matar babban asibiti, kuma wa ke riƙe da lambar direban? Asibitin da ya san iyakarsa, ya tura mara lafiya gaba da wuri tare da takardar bayani, ya fi wanda zai riƙe shi har lokaci ya ƙure.

Abin da jami'ai za su duba

Kansiloli da dagatai da masu unguwanni da 'yan kwamitin raya mazaɓa ba sa buƙatar ilimin likita kafin su yi wannan aiki. Su riƙa kai ziyara ba tare da sanarwa ba, su ga ko ma'aikatan da ke cikin jadawali suna bakin aiki. Su nemi ganin lasisin aiki wanda wa'adinsa bai ƙare ba, na likita ne ko na nas ko na jami'in lafiyar al'umma. Su buɗe firjin rigakafi: yawancin alluran ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ana rubuta sanyin firjin safe da yamma a takardar da ke jikinsa. A ɗakin magani su duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar amfani. Su tabbatar akwai akwatin zuba sirinjin da aka yi amfani da shi.

Littafin rajista ma yana magana. Idan yaran da suka karɓi rigakafin mako 6 sun fi waɗanda suka dawo a mako 14 yawa sosai, ko kuma kaɗan ne suka zo rigakafin ƙyanda a wata 9, to akwai abin da ke hana iyaye dawowa, kuma sau da yawa tsawa ce ko dogon jira ko kuɗin da bai kamata a karɓa ba. Rigakafin yara a asibitin gwamnati kyauta ne.

Haƙƙin jama'a

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na Tarayya. Inda cibiya ke samun kaso daga wannan asusu, ya dace kwamitin mazaɓa ya san abin da ya shigo da yadda aka kashe shi. A shekarar 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya tabbatar wa kowa haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, a rufa masa asiri, a kuma sanar da shi farashi dalla-dalla.

Muna jan hankalin jami'ai cewa ba kowane giɓi ne laifin ma'aikaci ba. Wanda aka bar shi shi kaɗai, babu abin awon jini, babu ruwa, ba zai iya yin abin da ake nema ba. Saboda haka rahoto ya bambanta sakaci da rashin kayan aiki, kowanne a kai shi inda ya dace. Mai ƙorafi ya fara da shugaban cibiyar, sannan kwamitin mazaɓa, sannan sashen lafiya na ƙaramar hukuma, yana mai faɗin rana da abin da ya faru. Gyara kayanka, in ji Hausawa, bai zama sauke mu raba ba. Muna kira ga masu riƙe da sarautun gargajiya da limamai da ƙungiyoyin mata da su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami damar karanta shi ba.