B'Odogwu: Abin da mai fitar da albasa ya kamata ya shirya kafin ya yi lodi

Duk mai harkar albasa a Aliero, Jega ko Maiyama ya san kayan gwari ba ya jira. Idan tirela ta kwana uku a rana a bakin iyakar Kamba, ba sai an faɗa maka ba, warin buhunan da ke ƙasa zai faɗa maka. Shi ya sa canjin da Hukumar Kwastam ta yi wa hanyar bayyana kaya ya shafi manomi, ko da bai taɓa taka ofishinta ba.

Sabon tsarin sunansa B'Odogwu. An fara gwada shi a tashar PTML da ke Legas a watan Oktoba na 2024, ƙarƙashin shugaban hukumar Bashir Adewale Adeniyi, sannan aka riƙa faɗaɗa shi zuwa sauran rassa a 2025. Shi ya gaji NICIS II. A taƙaice, ejan mai lasisi ne ke shigar da bayanin kayanka ta intanet: irin kayan, nauyi, kuɗinsu, mai su, da inda za su. Jami'in da ke bakin iyaka kuma abin da kwamfuta ta nuna masa shi zai bi.

To a nan gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta san "ai ka san ni" ba. Sunan da ke kan rajistar CAC, da na lambar haraji ta TIN, da na asusun banki, da na takardar NEPC ta masu fitar da kaya, dole su zama iri ɗaya. Idan nan an rubuta Muhammad, can Mohammed, ko sunan kamfani ya sha bamban da harafi ɗaya, aiki na iya cijewa, kuma gyaran ba na yini ɗaya ba ne. Ka yi shi tun albasa tana gona.

Fom ɗin NXP ta banki ake cika shi, a intanet, kafin kaya su tashi. Akwai kuɗin NESS, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan, sai takardar shaidar lafiyar amfanin gona daga hukumar NAQS. Kuɗin cinikin kuma ƙa'idar Babban Banki ita ce su dawo asusunka cikin kwana 180. Mai karɓar sefa a hannu ya canza a kasuwa, ya lura da wannan sosai, don a takarda ana nan ana binsa.

Mai buhu talatin fa? Gaskiya ba zai iya wannan hidima shi kaɗai ba, kuma a ganina bai ma kamata ya gwada ba. Ƙungiya mai rajista ta yi takardu da sunanta, a haɗa lodi guda, a raba kuɗin ejan. Amma a rubuta buhun kowa, kuma a karɓi kwafin bayanin da ejan ya shigar da rasidin banki. In ya rage adadin buhu a na'ura don ya ci rarar, kayanku za a tsare, ba nasa ba.

Masu shigo da injin ban ruwa ko maganin feshi, su nasu Fom M ne da PAAR, kuma Fom M kafin a ɗoro kaya ake buɗe shi.

Sabis na ɗaukewa. 'Yan kasuwa a Legas sun koka da tsaikon tsarin a 2025. Saboda haka kar ka kira direba sai ejan ya nuna maka lambar bayanin kayanka ta fito. Albasar da ta sha iska a ma'ajiya ta fi jure kwana biyu a kan wadda ke cushe a ƙarƙashin tamfol.