Babi na Tara: Ledar Ƙarin Ruwa

Idan damina ta yi nisa a Illela, ɗakin yara a asibiti kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wasu ma daga Kwanni ake tsallako iyaka da su. Tambayar iyaye kuwa kusan ɗaya ce: "Likita, ba za a yi masa ƙarin ruwa ba?"

Wannan ƙaunar da ake yi wa ledar ruwa ta isa haka. Mai amai da gudawa da jikinsa ya bushe, lalle ruwa ne ke cetonsa. Amma zazzaɓi daban. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken FEAST, wanda aka yi kan yara sama da 3,000 a Uganda, Kenya da Tanzaniya. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48: kusan kashi 10.5 cikin ɗari, a kan 7.3 na waɗanda ba a yi wa haka ba. Su kansu masu binciken akasin haka suka zata.

Kafin nan, a 2010, binciken AQUAMAT kan yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya nuna allurar artesunate ta rage mace-mace da kashi 22.5 cikin ɗari idan aka gwada ta da kwinin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da ita zaɓin farko a 2011.

Sai dai artesunate ba ta da kwarjini. Ɗan gari ne a kwalba. A zuba masa ruwan bikabonet, a girgiza har ya washe, a sirka da ruwan gishiri, a tura a jijiya cikin 'yan mintoci. A sake bayan awa 12, sannan a awa 24. Kwinin kuwa awa huɗu yake ɗiga daga leda, kunne na ƙara, dangi na kallo suna cewa yanzu aka fara magani.

Riƙe sabon tsarin shi ne aiki. A horar da ma'aikaciyar jinya, a yi mata canjin wurin aiki. Magani ya yanke a sito, a koma abin da hannu ya saba. Allurar awa 12 kuma sau da yawa tsakar dare take faɗawa, lokacin da mutum ɗaya ke tsaron ɗaki. Shi ya sa ake rubuta awannin a jikin katin mara lafiya, a karanta wa mai karɓar aiki, kuma kafin sallama a ba yaro ƙwayoyin maganin zazzaɓin da ake kira ACT na kwana uku.