Ma'aunin Tasirin Manazarci: Darasi Daga Nazarin Harshen Bade

1.0 Gabatarwa

Yawan ambaton ayyukan malami ya shiga cikin abubuwan da jami'o'i ke dubawa wajen ƙarin girma. Wannan maƙala za ta yi bayanin hanyoyi biyu na auna tasirin manazarci.

2.0 Ƙidayar Ambato

Eugene Garfield ya fito da kundin ƙidayar ambato a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h, wato idan manazarci yana da maƙaloli 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10, ma'auninsa 10 ne. Sai dai ƙidayar ta taƙaita ga mujallun da kundin ya tattara, galibin masu buga Hausa kuwa ba sa ciki.

3.0 Haɗin Gwiwa

Hanya ta biyu tana duba waɗanda manazarci ya yi aiki da su. Marigayi Russell Schuh ya jagoranci aikin binciken harsunan Yobe tare da Alhaji Maina Gimba, inda a 2004 aka samar da ƙamus na Bade ta Gashuwa da na Bade ta yamma, waɗanda 'yan harshen suka tsara. Masu nazarin Bade kaɗan ne, saboda haka ambaton zai yi ƙaranci, alhali aikin ya horar da 'yan ƙasa, ya kuma adana harshen.

4.0 Kammalawa

Ya kamata kwamitocin ƙarin girma su haɗa ma'aunan biyu da karanta aikin kansa, domin kada matasa su guji ƙananan harsuna.