Gina Dandalin Gajimare a Jami'a Domin Bincike da Koyarwa: Darasi Daga Jetstream

Gabatarwa

An ƙera manyan kwamfutocin jami'o'i ne domin lissafi mai nauyi, kamar hasashen yanayi da nazarin ƙwayoyin halitta. Sai dai yadda ake gudanar da su bai cika dacewa da aji ba. Wannan maƙala ta duba yadda dandalin Jetstream na Amurka ya daidaita buƙatar mai bincike da ta malami.

Tushen Matsalar

A tsarin da aka saba, mai bincike yakan miƙa aikinsa ga manhajar tsara layi, irin su Slurm, sannan ya jira a samu gurbi. Jiran kan ɗauki mintoci, wani lokaci kwanaki. Hikimar hakan ita ce kada na'ura mai tsada ta zauna ba aiki. Amma malamin da darasinsa na awa biyu ne ba zai ce wa ɗalibai su jira gobe ba. Haka kuma ba a barin ɗalibi ya girka manhajar da yake so, domin kuskurensa zai iya shafar kowa.

Fasahar gajimare ta zo da wata dabara. Manhaja ce ke rarraba ƙarfin na'urori na zahiri zuwa kwamfutocin aro masu yawa, kowace a killace, ana shigarta ta intanet. Malami zai shirya guda ɗaya da duk kayan darasi, a kwafa wa kowane ɗalibi tasa. Idan ɗalibi ya lalata tasa, sai a goge a ba shi sabuwa.

Yadda Aka Gina Jetstream

Hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Amurka, wato NSF, ita ta ɗauki nauyin aikin, Jami'ar Indiyana kuma ta jagorance shi. Dandalin ya fara aiki a 2016, an kuwa raba na'urorinsa tsakanin Indiyana da cibiyar TACC ta Jami'ar Texas da ke Austin. An ɗora shi bisa OpenStack, manhajar kyauta da NASA da kamfanin Rackspace suka assasa a 2010, wadda kowa ke da damar dubawa da gyarawa.

A 2022 Jetstream2 ya gaje shi. Babbar cibiyarsa tana Indiyana, ƙananan rassa kuma suna TACC da jami'o'in Cornell da Hawai da Jihar Arizona. An ƙara masa na'urorin A100 na kamfanin NVIDIA, waɗanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, har da manhajojin fassara da nazarin harshe.

Ƙalubale

Kowane allazi da nasa amanu. Manhajar rarrabawar kan cinye wani kaso na ƙarfin na'ura. Lissafin da ke buƙatar ɗaruruwan na'urori su riƙa musayar bayanai a kowace daƙiƙa ya fi sauri a kan babbar kwamfuta ta asali. Sannan kwamfutar aro da aka bari a kunne tana tare gurbin wani. Saboda haka ake ba kowane aiki ƙayyadadden kaso, ana zaftare shi gwargwadon lokacin da kwamfutar ta yi a kunne. Mai buƙatar tsarin layi kuwa yana iya haɗa kwamfutocin aro da dama ya girka musu Slurm.

Kammalawa

Jetstream bai maye gurbin manyan kwamfutoci ba, giɓin da suka bari ya cike. Jami'ar da ke shirin irin wannan gini ya kamata ta fara tantance ayyukan da za a yi a kansa kafin sayen na'ura. Ta kuma tanadi kuɗin lantarki da sanyaya ɗaki da albashin ƙwararru, domin su ne ke riƙe dandalin bayan bikin buɗewa.