Manɗiƙi: Ma'aunin Magana Tun Zamanin Rumfa

Duk gero hatsi ne, amma shin duk hatsi gero ne? Mu da muka tashi cikin gonakin Ɗambatta da Bichi za mu ce a'a, ai akwai dawa. Irin wannan awon magana shi ake kira manɗiƙi.

Aristotil na ƙasar Girka ya tsara shi, Al-Farabi da Ibn Sina suka faɗaɗa shi da Larabci. Da Imam Suyuɗi na Masar ya haramta karanta shi, Shehu Al-Maghili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya mayar masa da martani cewa gaskiyar magana ake dubawa, ko daga bakin wa ta fito.

Mu ma, kafin mu tura labarin da babban yaya ya aiko mana a waya, mu fara tambayar hujjarsa.