Bayan fagen daga: Tsoffin sojoji da lambunan Abuja

Da sanyin safiyar Asabar, bakin tafkin Jabi kan cika da masu sassarfa da atisaye, ma'aikatan gwamnati da matasa da dattawa, kowa na neman zufa kafin rana ta yi zafi. Da wuya a hangi keken guragu a cikin ayarin, alhali birnin na da tsoffin sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan kashe gobara da suka rasa lafiyarsu a bakin aiki.

Amfanin motsa jiki ga irin waɗannan bayin Allah ya fito fili a shekarar 2023, lokacin da Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta halarci gasar Invictus, wadda Yarima Harry na Birtaniya ya kafa a 2014 domin sojojin da suka jikkata. A birnin Dusseldorf na Jamus, Peacemaker Azuegbulam, sojan da ya rasa ƙafa a yaƙi da Boko Haram, ya lashe lambar zinariya a ɗaga nauyi. A watan Mayun 2024 yariman ya duba majinyata a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, ya kuma buga ƙwallon raga ta zaune tare da sojoji a Abuja.

Gasa dai ta 'yan kwanaki ce, kuma ƙalilan ne ke samun gurbi. Mafi yawa, da zarar asibiti ya sallame su, gida suke komawa su zauna, gaɓoɓi su sandare, kaɗaici da tunanin abin da ido ya gani su hana barci. Lambun unguwa kan ba irin wannan mutum wurin miƙe jiki da abokan hira, ba tare da kuɗin zuwa gidan motsa jiki ba.

Abuja ba ta rasa fili ba. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003, shaida ne cewa an tsara birnin da wuraren shan iska. Amma da dama daga ƙananan lambunan unguwanni sun koma wuraren shaye-shaye da ɗakunan biki.

Doka ma tana nan. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, kuma wa'adin ya cika a 2024. Abin da ya rage aikin ofis ne: sashen kula da lambuna na Hukumar Birnin Tarayya ya samar da hanyar keken guragu, benci, banɗaki da ƙarafan atisaye, ya kuma tuntuɓi ƙungiyar tsoffin sojoji ta Nigerian Legion.

Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni domin tunawa da mazan jiya da suka kwanta dama. Waɗanda suka dawo da rai suna jiran a sa buƙatarsu a kasafin kuɗin baɗi.