Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Halin Da Ma'aikatan Disneyland Ke Ciki

A watan Yulin 2024, daidai lokacin da gwamnatin Nijeriya da ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata, wasu ma'aikata kimanin 14,000 a birnin Anaheim na jihar Kalifoniya a ƙasar Amurka su ma sun ja daga da kamfanin da suke yi wa aiki. Sai da suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da tafiya yajin aiki kafin kamfanin Disney ya sauko, aka daidaita a kan cewa ba za a biya ɗayansu ƙasa da dala 24 a kowace awa ba. Na san mai karatu zai yi maza ya buga lissafi, ya ga cewa a canjin wancan lokaci aikin awa biyu kacal a can ya kai albashin wata guda a nan, ya ce to su kuma kukan me suke yi? Amsar wannan tambaya ita ce maƙasudin wannan rubutu.

Disneyland katafaren wurin shaƙatawa ne da Walt Disney ya buɗe a ranar 17 ga watan Yulin 1955. Akwai liluna iri-iri, da jiragen wasa, da gidajen abinci, da otal-otal, da mutanen da ke sanya kayan Mickey Mouse da sauran taurarin finafinan yara suna gaisawa da baƙi. Kirarin da kamfanin ke yi wa wurin shi ne babu inda ya kai shi farin ciki a bayan ƙasa. Kuɗin shiga a farko dala ɗaya ne, ban da na hawa liluna. A ƙarshen 2024 kuwa tikitin yini guda a ranakun cunkoso ya haura dala 200. Sashen kamfanin da ke kula da wuraren shaƙatawa da jiragen ruwan yawon buɗe ido ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 34 a shekarar kuɗi ta 2024, kuma shi ne ya fi kowane sashe kawo riba.

To ina rabon waɗanda ke share harabar, da soya abincin, da juya lilunan? A farkon 2018 masu bincike daga kwalejin Occidental da cibiyar Economic Roundtable suka fitar da rahoto bayan sun ji ta bakin ma'aikata kimanin 5,000. Kashi 73 cikin ɗari sun ce albashinsu ba ya isarsu biyan buƙatun yau da kullum. Sama da kashi biyu cikin uku ba su da tabbacin samun isasshen abinci. Kashi 11 cikin ɗari kuwa sun ce sun taɓa rasa matsuguni a cikin shekaru biyun da suka gabata, wasunsu a mota suke kwana, gari ya waye su wanke fuska su je su tarbi baƙi. Adalci ne a faɗa cewa ƙungiyoyin ƙwadago ne suka ɗauki nauyin binciken, kuma kamfanin ya yi watsi da shi, ya ce ba a bi ƙa'ida ba. Sai dai a shekara mai zuwa Abigail Disney, jikar Roy Disney wanda suka kafa kamfanin tare da ƙaninsa Walt, ta fito fili ta soki yadda shugaban kamfanin, Bob Iger, ya kwashi sama da dala miliyan 65 a 2018, wato ninkin abin da matsakaicin ma'aikaci ke samu fiye da sau 1,400. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi ke nan.

Sirrin lamarin yana cikin kuɗin haya. Wanda ake biya dala 15 a awa, idan ya yi awa 40 a mako, abin da zai tashi da shi a wata bai wuce dala 2,600 ba, tun kafin a cire haraji. A 2018 akasarin ma'aikatan ko hakan ba su kai ba. Da farashin dala 24 na 2024 kuɗin ya kai kimanin dala 4,160. Amma a gundumar Orange, inda Anaheim take, hayar ciki da falo kaɗai ta wuce dala 2,000 a wata. Ƙa'idar da hukumomin Amurka ke aiki da ita kuwa ita ce, duk iyalin da haya ke cin fiye da kashi 30 cikin ɗari na samunsu, to sun shiga matsi. A nan haya ta lashe rabi. Ga mota wadda ta zama dole, ga man fetur, ga inshora, ga kuɗin rainon yara. Shi ya sa da yawa suke komawa garuruwa masu nisa inda haya ke da sauƙi, su riƙa ɓata sa'o'i a hanya kullum, ko su cunkushe a gida ɗaya, ko su haɗa da aiki na biyu.

Akwai kuma wata gajiyar da ba ta fitowa a takardar albashi. A tsarin Disney ba a kiran ma'aikaci da sunan ma'aikaci, ɗan wasa ake ce masa, kuma duk inda baƙo zai iya ganinsa dandamali ne. Fara'a wani ɓangare ne na aikin, kamar yadda tsintsiya take ga mai shara. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan sana'a an haramta wa fuska ba da labari. Masaniyar halayyar zamantakewa Arlie Hochschild ta yi nazarin irin wannan aiki a 1983, inda ta nuna cewa tilasta wa mutum nuna farin cikin da ba ya ji aiki ne mai cin rai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamomin gajiyar da matsin aiki ke haifarwa: ƙarewar kuzari, da ƙosawa da aikin, da raguwar ƙwazo. Ka haɗa wannan da tsayuwar yini guda, da zafin rana a cikin kaya masu nauyi, da jadawalin da ke sauyawa, da fargabar ƙarshen wata. Ba mamaki a watan Mayun 2024 masu sanya kayan taurarin da masu fareti, su kimanin 1,700, suka zaɓi shiga ƙungiyar ƙwadago.

Abin lura shi ne, kusan duk ƙarin da ma'aikatan suka samu sai da aka kai ruwa rana. A watan Nuwamban 2018 mazauna Anaheim suka kaɗa ƙuri'a a kan wata doka da ta wajabta wa kamfanonin yankin shaƙatawa masu cin tallafin birnin su biya dala 15 a awa daga 2019, ana ƙara dala ɗaya kowace shekara har zuwa 18 a 2022. Disney ya ce dokar ba ta hau kansa ba, don ba ya karɓar tallafi. Ma'aikata suka garzaya kotu. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa wata yarjejeniya da kamfanin ya ƙulla da birnin tun 1996 tallafi ce, kotun ƙolin jihar kuma ta ƙi sake duba hukuncin. A ƙarshen 2024 kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 233 don rufe shari'ar. Kuɗi ne mai yawa, amma wanda aka kora daga gida a 2019 saboda bashin haya, biyan da ya zo bayan shekara biyar ba zai mayar masa da abin da ya rasa ba.

Masu kare kamfanin suna da tasu hujja. Suna cewa ba Disney ne ya jawo ƙarancin gidaje a Kalifoniya ba, kuma albashinsa ya ɗara mafi ƙarancin albashin jihar, wanda yake dala 16 a 2024, balle na gwamnatin tarayya da ya tsaya a dala 7.25 tun 2009. Suna kuma nuni da shirin biyan kuɗin karatun ma'aikata, da alƙawarin dala miliyan 30 don gina gidaje masu sauƙin kuɗi a Anaheim. Duk gaskiya ne. Amma kamfanin da ya zaɓi ya ci ribar zama a wuri mai tsada, yana ƙara kuɗin tikiti kusan kowace shekara, bai kamata ya biya ma'aikatansa kamar a wani gari mai araha suke zaune ba. Lokacin annobar korona ma, da aka rufe wurin sama da shekara guda, dubban ma'aikata ne aka sallama.

Darasin ya shafe mu ta fuska biyu. Matashin da ke jin albashin Turai da Amurka yana juya shi zuwa naira, ya fara tambayar kuɗin haya kafin ya sayar da gonar gado. Masu zaman tsayar da albashi kuma, a ko'ina suke, su daina kallon girman adadi, su dubi abin da ya rage a hannun ma'aikaci bayan ya biya haya, ya ci abinci, ya hau mota zuwa wurin aiki. Da wannan ma'auni ne kaɗai za a gane ko an biya mutum haƙƙin guminsa.